Tafintan Fataken Sama

A shekarun da kuɗin mai suka ruɗa ƙasar nan, lokacin da wanda bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba yake kiran kansa ɗan kwangila, ƙaramar hukuma ta kawo wa mutanen Batsari talabijin. Baƙi da fari ce, an kulle ta cikin akwatin ƙarfe a wata rumfar kwano kusa da kasuwa, an kafa mata eriya a kan ƙarfe mai tsawon da sai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensa. Mani bakanike aka danƙa wa mabuɗi da injin wuta, shi kuwa tun daga ranar ya daina amsa gaisuwar ƙananan mutane.

Labarai da kaɗe-kaɗe kowa na ji, da Hausa ake yin su. Amma abin da ya fi tara jama'a wani wasan Turawa ne da ake nunawa duk ranar kasuwa bayan la'asar, a gama kafin magariba. Wasu mutane ne cikin jirgi mai kama da murfin tukunya, suna yawo tsakanin taurari, yau su sauka wannan duniya gobe waccan, su tarar da halittu iri-iri, masu kai kamar tulu, masu ido a tafin hannu, masu magana ba baki. Mutanen gari suka raɗa wa wasan suna Fataken Sama. Matsalar ɗaya ce, da Turanci ake yi, Turancin ma irin wanda ake yi ta hanci. Ko hedimasta in aka tambaye shi abin da aka ce, sai ya kaɗa kai ya ce zancen yana da zurfi.

A nan Salmanu ya shigo. Ɗan Manu ne, Bafulatanin Ruma. Ya yi firamare a Safana, daga nan ya wuce Kaduna, ya shekara bakwai yana aikin boyi a gidan wani Baturen masaƙa. A can ya kalli wasan nan tun daga farko har ƙarshe, yana tsaye bayan kujera da tire a hannu. Wata rana ya tambayi maigidan nasa ko da gaske akwai irin waɗannan halittu a sama. Baturen ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce mutane ne suka sa roba a fuska, kuma wanda ya rubuta wasan ko kan rufin gidansa bai taɓa hawa ba. Maƙwabtansa yake zagi, sai ya sa musu ƙaho da wutsiya don su zauna su saurara har ƙarshe. Salmanu ya ajiye maganar a ransa, bai san za ta yi masa rana ba.

Abin da ya dawo da shi gida mutuwar ubansa ce, kuma ba mutuwar da ake yafewa ba ce. Akwai wata mashaya tsakanin Ruma da Karare da ake ce wa Gawo, ruwanta ba ya ƙafewa ko rani ya kai ƙarshe. Tun zamanin kakannin Manu shanu ke sha a nan, burtali ya miƙe sak har bakinta. Sai Alhaji Daudu, dillalin gyaɗa da ya wayi gari ɗan kwangila, ya je birni ya dawo da takarda mai hatimi, ya zagaye fadamar da mashayar duka da waya mai ƙaya, wai zai yi lambun zamani. Lambun ko tumatir ɗaya bai fito a cikinsa ba. Duk wanda ya je da magana, Alhaji zai bugi aljihun gabansa ya ce, "Ina da takarda." Shi ke nan an gama shari'a.

Wata biyu Manu yana kora shanu har wajen Zakka neman ruwa, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a hanya. Ranar da haƙurinsa ya ƙare ya sa gatari ya sare wayar, shanu suka sha. Yaran Alhaji suka kama shi, suka kawo shi kasuwar Batsari, suka tuɓe masa rawani, suka ɗaure shi a turken kara, wajen cinikin dabbobi, da igiyar shanunsa tun hantsi har la'asar. Dattijo mai furfura, a tsakiyar rana, ba wanda ya miƙa masa ko moɗa ɗaya ta ruwa. Kasuwa cike take, kowa ya gani, kowa ya ci gaba da cinikinsa. Da aka kwance shi ya koma ruga ya kwanta, bai sake taka ƙofar bukka ba. Matarsa Asta ta aika Kaduna sau uku ta hannun direban motar kasuwa. Salmanu ya ce Bature na da baƙi, sai ƙarshen wata. Ranar da ya iso an riga an yi sadakar uku.

Shanu goma sha ɗaya suka rage. Asta ta faɗa wa Salmanu magana ɗaya, ba ta ko dube shi ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira. Ta ce in ranin bana ya shigo ba a buɗe Gawo ba, za ta kora abin da ya rage ta bi 'yan'uwanta kudu, a bar Ruma da kabarin da ke cikinta. Salmanu ya yi rantsuwa biyu a ransa. Sai an buɗe ruwan, kuma sai Alhaji Daudu ya ɗanɗani abin da ubansa ya ɗanɗana, a gaban idanun nan da suka tsaya kallo. Ya yi tunanin wuƙa, ya yi tunanin ashana da rumbunan Alhaji. Duk ya ga ƙarshensu gidan yari ne, kuma wayar na nan inda take.

Yana cikin wannan saƙe-saƙe ya wuce ta rumfar kallo wata ranar kasuwa, ya hangi murfin tukunyar nan yana shawagi a fuskar talabijin. Ya tsaya cak. Kashi na biyu ne, kuma ya gane tsarin da aka bi a Kaduna shi ake bi. Ya lissafa da yatsu. Akwai wani kashi da ya sani sarai, na goma sha ɗaya, kuma saura kasuwa tara a zo gare shi. Ya shiga rumfar ya ce wa Mani shi yana jin abin da dodannin ke faɗa, kuma ba ya son ko sisi.

Makonnin farko gaskiya tsantsa ya riƙa fassarawa. Yana tsaye gefen akwati, murya ta yi ƙasa in dodo ne, ta yi sama in matar jirgin ce, jama'a na ta shewa. Alhaji Daudu kuwa bai taɓa fashi ba. Ana kawo masa kujera mai hannu a sahun gaba, ya baje babbar riga, ya ɓare goro, haƙorin Makka na walƙiya. Bai damu da wanda ke fassarar ba, don a wurinsa an daɗe da rufe maganar Manu.

Aka nuna wata duniya inda kowa ke da ciki biyu, ɗaya na ci, ɗaya na ɓoye abinci don kada maƙwabci ya samu. Salmanu ya fassara tiryan-tiryan, yana satar kallon sahun gaba. Mani ya rantse mutanen Safana ne sak. Mahauta suka ce manoma ne, manoma suka ce 'yan kasuwa. Alhaji Daudu ya fi kowa dariya, har yana share hawaye, ya ce, "Wallahi ma'aikatan gwamnati ne, ku dubi tumbin!" Haushi ya kusa kashe Salmanu. Ashe Baturen rabin maganar ya faɗa masa. Mutum zai zauna ya saurari zagin nasa har ƙarshe, amma ya tashi yana nuna na kusa da shi.

Hansai mai ƙosai, wata tsohuwa da ke suya a bakin rumfar, ita ta ƙarasa masa karatun. Tana juya ƙosai ta ce, "Ɗan Manu, na ga inda idonka ka zuwa. Ka sani dai, ran da ka faɗi abin da ya taɓa wani, cewa za a yi Bafulatani ya ƙara gishiri. Wa ke jin Turancin balle ya shaide ka?"

"Gwaggo, ni fassara kawai nake yi."

"Fassara kau," in ji ta, ta miƙa masa ƙosai biyu masu zafi.

Ya tafi yana tauna ƙosan da maganar. Gaskiya ta faɗa. In daga bakinsa kashi na goma sha ɗaya ya fito, ya zubar da shi a banza. Sai an sami bakin da ba wanda zai ƙaryata, bakin da Alhaji da kansa zai kawo. Kowa kuwa ya san abin da Alhaji ya fi taƙama da shi a duniya bayan takardarsa, wato ɗansa Muntaka da ke jami'a a Zariya.

Daga kasuwa ta gaba Salmanu ya fara sharara ƙarya, kuma ba ƙarya mai kunya ba. Duk dodon da ya fito da ƙaton ciki, sai ya ba shi gyaran muryar Alhaji. Dodo na maganar man jirgi, Salmanu zai ce ya ce gyaɗar bana duk tasa ce. Dodo ya ɗaga hannu yana sallama, Salmanu zai bugi aljihun gabansa ya ce, "Ina da takarda." Ranar farko mutane suka danne dariya a cikin hannun riga. Rana ta biyu ta ƙwace musu. Kafin mako uku, in motar Alhaji ƙirar fijo ta wuce sai ka ji an ce daga bayan wata rumfa, "Ina da takarda!" a juya a rasa mai maganar. Alhaji ya nemi Mani ya kori tafintan. Mani ya ce talabijin ta hukuma ce, kuma in ya kore shi jama'a za su cinye shi ɗanye.

A kashi na goma Salmanu ya zuba sauran abin da ke cikinsa. Wani sarkin dodanni ya fito zaune a kan kujera, Salmanu ya ce, "Ya ce ku yi a hankali da numfashi, don iskar garin nan ma tana cikin takardarsa." Rumfa ta ɗauka da ihu. Alhaji Daudu ya miƙe.

"Kai ɗan Manu! Ƙarya kake. Dodon ga bai faɗi haka ba."

"Ranka ya daɗe, ashe Alhaji na jin Turanci? To bismilla, ga wuri."

"Ni ban ji, amma na haifi mai ji. Turancin da ke ɗan yatsan Muntaka ya fi wanda ka kwaso a kicin ɗin Bature. Gobe mota za ta tafi Zariya. Kasuwa mai zuwa shi zai tsaya nan inda kake, kowa ya ji ko dodanni sun san wata takarda."

"Na yarda," in ji Salmanu. "In ba a ji maganar takarda daga bakinsa ba, a ɗaure ni a turken kara, inda aka ɗaure ubana."

Dariya ta ɗauke kamar an kashe inji. Tun da abin ya faru, ba wanda ya taɓa ambaton sa a bainar jama'a sai yau. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka tuna ba su yi alwala ba.

Makon nan Salmanu bai ji daɗin abinci ba. Idan tashar ta tsallake kashin fa? Idan wani babba ya yi jawabi aka ɗage wasan? Ya sa wuyansa a igiya saboda abin da ya gani shekara uku da suka wuce daga bayan kujera. Ruwan kududdufai ya fara janyewa, Salmanu ya koma kora shanu hanyar Zakka yadda ubansa ya yi. Ranar Talata farar saniya mai karyayyen ƙaho ta durƙusa a hanya, da ƙyar ya tashe ta. Da ya dawo ruga ya tarar Asta ta fara ɗaure ƙoranta.

Ranar kasuwa rumfar ba ta ɗauki rabin mutane ba. An zo daga Karare, an zo daga Ruma, Fulani sun tsaya can baya sun dogara da sanduna. Muntaka ya iso tare da ubansa, siririn saurayi mai tabarau da wando mai faɗin ƙafa. Ya durƙusa ya gai da dattawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Salmanu ya miƙa masa hannu biyu ya ce, "Na ji rasuwar Baffa Manu. Allah ya jiƙansa. Nonon gidanku na sha ina yaro." Salmanu ya janye hannunsa da sauri. Bai zo nan don tausayin kowa ba.

Alhaji bai zauna ba sai da ya sa aka kira Liman. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ina son yaron ga ya rantse a gabanka. Abin da dodanni suka faɗa shi zai faɗa, ba ƙari ba ragi, ko da wa ya taɓa." Muntaka ya rantse. Salmanu ya dubi ƙasa don kada a ga fuskarsa. Ko shi bai yi tunanin wannan ba, Alhaji ne ya ƙulle wa kansa igiyar da hannunsa.

Inji ya yi gardama, Mani ya ja igiya sau bakwai yana zagin uwar mai, sannan ya tashi. Hoto ya yi rawa ya tsaya. Murfin tukunya ya sauko a kan wata duniya busasshiya, ba ciyawa ba itace, sai duwatsu da idon ruwa guda ɗaya. Salmanu ya saki numfashin da ya riƙe tun mako guda.

Muntaka ya fara fassara a hankali, da murya mai ladabi. Mutanen wannan duniya dogaye ne, fatarsu ta tsage kamar ƙasan tafki da rani, suna kiwon wasu dabbobi masu ƙafa shida. Sun karɓi fataken hannu biyu, sun nuna musu ruwan. Alhaji ya waiga yana murmushi ya ce, "Kun ji ko? Ina takarda a nan?"

Sai wani babba daga cikin mutanen jirgin, ɗan Adam mai anini a kafaɗa, ya ce jirgi na bukatar ruwan duka. Ya sa aka kewaye idon ruwan da shinge. Dabbobi suka taru suna kuka a bayansa. Wani tsoho mai tsagaggiyar fata ya zo ya karya shingen. Aka kama shi, aka ɗaure shi a jikin dutse cikin rana, mutanen jirgin na tsaye suna kallo. Wannan bai bukaci fassara ba. Ba mai tari a rumfar, ana jin mai na tafasa a kaskon Hansai.

Tsohon ya mutu. Mutanensa suka fito daga bayan duwatsu, ba iyaka, suka zagaye fataken. Wata tsohuwa ta tako gaba, ita ce alƙaliyarsu. Muntaka ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ta ce, halittu da yawa sun sauka a nan. Masu ƙaho sun zo sun sha sun wuce. Masu fiffike sun zo sun sha sun wuce. Ku 'yan Adam kaɗai ne kuka zo kuka tambaya ruwan na wane ne."

Mai aninin ya sa hannu a aljihun gabansa ya zaro wani abu fari ya ɗaga sama. Muntaka ya dubi ubansa. Liman ya ce, "Muna jin ka, yaro."

"Ya ce... ya ce yana da takarda."

Ba wanda ya yi dariya, sai wani irin gurnani da ya taso daga baya, wajen masu sanduna, ya bi rumfar har gaba. Alhaji Daudu ya yunƙura a kujera ya ce, "Muntaka, bari haka nan."

"Alhaji, kai ka sa shi rantsuwa," in ji Liman. "Ni kuma a gabana ya yi ta. Ci gaba, yaro."

Muntaka ya ci gaba, idonsa na kan talabijin, hawaye na bin ƙarƙashin tabarau. "Ta ce a kai wa gawar takardar, a gani ko za ta jiƙa mata maƙoshi." Tsohuwar ta juya ga sauran mutanen jirgin. "Ta ce, shi ɗaya ya ba da umarni, amma ku arba'in kuka tsaya kallo, kowa da gorar ruwa a ƙugunsa. Ta ce, mu a nan ba mu da sunan da muke kiran irinku, don ba mu taɓa gani ba."

A wannan karon ba wanda ya ce mutanen Safana ne. Sarkin Fawa, wanda rumfarsa ke kallon turken kara, ya ja hula ya rufe goshi. Hansai ta bar ƙosai na ƙonewa, tana cewa a hankali, "Da tulu na a gabana ran nan. Wallahi da tulu na." Salmanu ya bi su da kallo fuska bayan fuska, daɗi na ratsa shi har cikin ƙashi. Watanni yake jiran ya ga idanun nan sun rasa inda za su duba.

"Ta ce, ba mu da bulala, ba mu da kurkuku. Hukuncinmu ɗaya ne. Wanda ya rufe ruwa, ba hannun da zai sake miƙa masa ruwa sai ya buɗe."

Alhaji Daudu ya buɗe baki zai yi magana, goron da ke bakinsa ya sarƙe shi. Ya hau tari, tari mai tsanani, ido ya yi ja, jijiyoyin wuya suka tashi. Ya miƙa hannu yana cewa, "Ruwa... ruwa." Randa na nan a kusurwar rumfa da moɗa a kanta, taku uku daga inda Mani yake. A garin da ko maƙiyinka ya yi sallama sai ka ba shi ruwa kafin ka tambayi abin da ya kawo shi, mutum fiye da ɗari biyu suka zauna ba wanda ya motsa. Yaran Alhaji ma suka dubi rufin kwano. Salmanu ya tsaya yana ƙirga tarin. Ya so a ce abin ya kai tun hantsi har la'asar.

Muntaka ne ya bar gefen akwatin. Ya ratsa mutane ya ɗebo ruwa, ya durƙusa gaban ubansa, ya riƙe masa moɗar da hannu biyu har ya sha. Sannan ya kama hannunsa ya tashe shi, ya ɗauko hularsa da ta faɗi ya kakkaɓe, suka fita tare. Mutane suka buɗe musu hanya, ba wanda ya ce a sauka lafiya.

Kwana uku Alhaji bai fito ko masallaci ba. Masu kai masa ruwa gida suka ce jakunansu ba lafiya. A rana ta huɗu aka ga Muntaka da lebura biyu a Gawo suna naɗe waya, ya sa safar hannu, ƙaya na yagar masa wando. Kafin azahar burtali ya koma yadda yake.

Washegari da hantsi Salmanu ya koro shanu goma sha ɗayan zuwa Gawo, Asta na biye da ƙwarya a kai. Shanun na jin ƙanshin ruwa suka sheƙa da gudu, har da farar mai karyayyen ƙaho. Ya tsinci wani guntun waya da aka bari a ƙasa, ya riƙe a hannu yana juyawa, zai ajiye shi don tarihi. Suka tsaya ƙarƙashin gawon, ya kwashe labarin duka ya ba ta, bai bar komai ba, rantsuwar, takardar, tarin, hannun da aka miƙa ba wanda ya kula. Yana ba da labarin yana dariya.

"Sai ki kwance ƙoran nan, Inna. Ba inda za mu. Na rama wa Baffa."

"Za a kwance," in ji ta. Tana kallon shanun, ba shi ba. Can ta ce, "Yaron nan na Alhaji, aika masa aka yi?"

"Aika masa aka yi, Inna. Da mota."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

"Ya zo."

"Ya zo kau. Ya zo ya kwance wa ubansa zani a kasuwa."

"Ya zo ya ba shi ruwa," in ji Asta. Ta sauke ƙwaryar daga kanta ta riƙe a gefe. "Tsohon nan kwana ashirin ya yi yana kallon hanyar Batsari daga ƙofar bukka. In na kawo ruwa sai ya ce in aje, na Kaduna na tafe, shi zai ba shi. Sau uku na aika."

Ta gangara bakin ruwa ta durƙusa tana ɗaurayar ƙwaryar. Salmanu ya tsaya inda yake da guntun waya a hannu. Ya nemi abin da zai ce da Hausa, da Fulatanci, da Turancin da ya shekara bakwai yana tarawa, bai samu ba. Shanu suka ci gaba da sha.